A Kabarin Du Bois: Musayar Waƙa

Malamin Nima:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Jiya na kai ɗalibaina kabarin Du Bois a unguwar Cantonments da ke Accra. Ga abin da na dawo da shi, amsa-amon "na" ne:

Na tsaya gaban kabarin dattijo,
Ba'amurken da ya zaɓi kwanciya a Gana.
Baƙar fata na farko da jami'ar Harvard ta ba digirin PhD,
A 1895, ko maƙiyi bai ja da wannan magana.
Ya bi sawun bayin da aka 'yanta,
Ya nuna makarantun da hannunsu ya gina.

Hajiya ta Mamobi:
Malam, ka sosa mini inda ke ƙaiƙayi.

A kudancin Amurka zamanin bauta,
Koya wa bawa karatu doka ta hana.
Da 'yanci ya zo, tsoho da jikansa
Benci guda suka samu suka zauna.
Booker Washington ya ce a riƙe sana'a,
A koyi kafinta, gini da aikin gona.
Du Bois ya ce a buɗe ƙofar jami'a,
Ɗan baƙi ma da ƙwaƙwalwa ya kwana.

Tela na Sabon Zongo:
Hajiya, a yi mini afuwa, zan kare Booker.

Makarantar Tuskegee da ya buɗe a 1881
Ta fid da dubbai daga zafin rana.
Ni keken ɗinki da almakashi
Su suka kai jami'ar Legon da babban ɗana.
Mai yunwa ba ya jin karatu,
Sai tukunya ta tafasa ake tuna.

Hajiya ta Mamobi:
Gaskiyarka Alhaji, ba a raina allura,
Ita ta ɗinka mayafin da ke kaina.
Amma da an ce ɗanka iyakarsa keke,
Da ka yarda? Ka amsa mini, ɗan'uwana.

Malamin Nima:
Shugaba Nkrumah ya kira Du Bois a 1961,
Yana da shekara 93, ya zo ya zauna,
Don haɗa kundin sanin Afirka,
Ajali ya riga shi, aiki bai kai ga nuna.
Ran 27 ga Agusta 1963 ya cika,
Washegari birnin Washington ya cika da masu neman 'yanci da rana.
Muna fita wata yarinya ta ja rigata:
"Malam, kundin ya sa makarantar allon kakana?"