Waɗanda suka bar Kano suka koma ƙauye, me kuka tarar?

Ɗan haya a Rijiyar Lemo:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, amma ta waɗanda suka taɓa yi da kansu, ba ta "an ce" ba. Shekarata 11 ina haya a Rijiyar Lemo, ni da iyali da yara huɗu. Bana mai gida ya sake ƙara kuɗi, karo na uku ke nan a jere, ga shi saura shekara biyu in yi ritaya. Zafin da aka yi a watan Afrilu a tsakar gida muka riƙa kwana, nan ɗin ma iska ba ta shigowa don benaye sun zagaye mu. Ruwa kuwa sai na 'yan garuwa.

Zuciyata ta karkata kudancin Kano, wajejen Rano, Tiga ko Tudun Wada, inda har yanzu akwai itatuwa. A watan Fabrairu wani dillali ya kai ni wata gona gaba da Kwanar Dangora, in ka sauka daga kwalta tafiyar minti 20 ce a babur. Mangwaro shida, ɗorawa uku manya, da tsamiya ɗaya a kan iyaka. Na zauna a inuwar nan har ban so tashi ba. Kuɗin da aka yi mata ko rabin fuloti ba zai saya ba a cikin gari. Yanzu kullum sai ya kira ni wai akwai mai so. Waɗanda suka riga ni, don Allah ku faɗa mini daɗin da wuyar.

Tsohon ɗan Fagge, yanzu a wajen Tiga:

Wa alaikumus salam. Malam, da na ga ka rubuta Fabrairu sai na yi dariya, don ni ma da rani aka kai ni. Dillali ba ya kai mutum ƙauye da damina. Hanyar da ka bi minti 20 a babur, ka koma ka bi ta a watan Agusta lokacin marka, sannan ka zo mu yi magana. Tawa hanyar akwai wani ɗan kwari da muka tsallake, yashi ne zalla, ko kula ban yi ba. Ashe rafi ne. Daminar farko sau biyu ina kwana a masallacin ƙauyen da ke tsallake, ina hango bishiyoyin gidana, ruwa ya hana ni ƙetarewa. Motar da ta kawo mini siminti a nan ta kafe, da shanun huɗa aka jawo ta, buhu bakwai suka sha ruwa suka zama dutse.

Sai maganar ɗorawar nan taka guda uku. Ka tambaya ko tana cikin cinikin. Ba wasa nake ba. A ƙauye gona daban, itace mai amfani daban. Na sayi tawa da ɗorawa biyu da kaɗanya, na biya, an yi addu'a an watse. Da ɗorawa ta nuna sai na wayi gari na ga wata dattijuwa da jikokinta da dogon ƙugiya suna kaɗowa. Na fito da faɗa irin na ɗan birni. Ta dube ni a tsanake ta ce, "Ɗan nan, ƙasa aka sayar maka. Wannan rabona ce a gadon mahaifinmu, da kalwarta nake daddawa tun ba a haife ka ba." Muka je wurin dagaci, ya ce gaskiyarta, kowa a garin ya sani, ni ne ban tambaya ba. Wanda ya sayar mini ya ce ai shi gona ya ce, bai ce ɗorawa ba. Ka ji fa.

Yau shekara shida, har yanzu ita ke kaɗa abarta, ta kuma aiko mana da daddawa da garin ɗorawa duk shekara. Matata ta fi shiri da ita a kan kowa a garin. Amma da a ce sarewa na yi niyyar yi in yi gini a wurin, da na shiga uku.

Uwar gida daga Gwammaja:

Ni tambayata ɗaya ce, Malam: ka kai matarka ta ga wurin? Ku maza inuwa kuke gani ku ji daɗi, mu ne za mu wuni a gidan. Shekara uku muka yi a wani ƙauye a ƙasar Rano. Watanni shida na farko kullum sai na yi kuka, ba don yunwa ba, don shiru. Na saba da Gwammaja, in leƙa maƙwabta, mai awara ta wuce, a yi biki a yi suna. Can kuwa ana idar da isha'i gari ya mutu, sai kukan kwaɗi da mujiya.

Gara kuma ba ta da mutunci. Akwatin zannuwana na ajiye a ƙasa jikin bango, ban buɗe ba tun da damina ta faɗi. Ranar da na ɗaga shi gindin ya zauna a ƙasa, atamfofi huɗu da leshi ɗaya sun zama ƙasa. Daga nan na koyi ɗora komai a kan bulo nesa da bango. Duk katakon da za ku yi rufi da shi a shafe shi da baƙin mai tukuna. Gidan sauro kuma ba na ado ba ne, inda itace da ruwa suke sauro yana nan, yarana sun sha zazzaɓi a shekarar farko.

Abin da ya dawo da ni haihuwa ce. Naƙuda ta kama ni da dare, ƙaramin asibitin da ke kusa a rufe, a bayan a-kori-kura aka kai ni Rano. Allah ya sauke ni lafiya, amma na ce wa maigidan ba zan ƙara ba. In faɗi gaskiya dai, ina kewar wurin. Kajina sun kai arba'in, nono da man shanu Fulani ke kawo mini har ƙofa, zogale da kuka a bayan ɗaki, barci kuwa ko fanka ba ma nema.

Wani ɗan kasuwar Kantin Kwari:

Ni takarda ce ta ci ni. Gonar gado aka sayar mini, babban wa ya karɓi kuɗi, ya kawo shaidu biyu abokansa. Na zagaye da waya, na haƙa rijiya. Bayan shekara ƙannensa mata biyu da ke aure a wani gari suka kai ƙara kotun shari'a, ashe ba a raba gadon ba. Alƙali ya ce ya sayar da abin da ba nasa shi kaɗai ba. Kuɗina a guntu-guntu ya dawo, na rijiya da waya kuwa sai dai in ce Allah ya isa.

Kada ka ba da ko sisi sai ka zauna da mai unguwa da dagaci, an kira duk magada maza da mata sun sa hannu, an kira maƙwabtan gona ta kowace kusurwa an taka iyaka tare. Kuma takardar dagaci shaidar ciniki ce kawai. Tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙasar karkara ƙaramar hukuma ce ke ba da takardar izinin mallakarta, ta gwamna kuma ita ce babba. Ka bi ta sakatariya ka yi naka. Dillali la'adarsa yake so, "akwai mai so" ɗin nan waƙarsu ce duka.

Ma'aikaci a Sharaɗa:

Kai da za ka yi ritaya da sauƙi. Ni na yi gangancin komawa wajen Kura ina zuwa aiki Sharaɗa kullum. Lissafina ya yi daidai har zuwa watan Mayun 2023 da aka cire tallafin mai. Abin da na tsira da shi na haya sai ya koma tanki, har da ƙari. Na sa gidan a kasuwa na dawo Ɗorayi. Ka lissafa sau nawa za ka shigo gari a wata: fansho, asibiti, zumunci, gaisuwar mutuwa. Bakano bai iya zama bai shigo Kano ba.

Tsohon ɗan Fagge, yanzu a wajen Tiga:

Hajiya ta Gwammaja ta tuna mini. Ka share ciyawa kewaye da gida tas, kada ka tara itacen girki jikin ɗaki, kada yaro ya fita da dare ba tocila ba takalmi. Kububuwa ƙarama ce, launinta ɗaya da ƙasa, ita ta fi illa. Ka san asibitin da ke da allurar dafin maciji tun kafin ka buƙace ta. Wuta kuwa ka manta da ita, ka sa sola ko ƙarama ce. Sabis ɗin waya a gidana sai na hau kan tudun bayan gida.

Direban hanyar Jos:

Shekara 19 ina bin hanyar nan, Kwanar Dangora, Tudun Wada, in ratsa dajin Falgore in fita Saminaka. In itace kake so na gaske, daga Tudun Wada zuwa Doguwa ne, ruwan sama ma ya fi na Kano yawa, masara da rake sai ka ce ba jihar ɗaya ba. To amma daji daji ne. Mun ga lokacin da ba mai shiga Falgore bayan magariba saboda 'yan fashi da ɓarayin shanu, har aka kai sojoji. Shawarata kada ka yi gida kai kaɗai a tsakiyar gona don kana son shiru. Ka yi gidanka cikin mutane, gonar ka riƙa zuwa. Baƙo ɗan birni da rufin kwano mai sheƙi shi kaɗai a bakin daji, kowa ya san inda yake kwana.

Kuma ka duba ko burtali bai bi ta gefen gonar ba. In ka ga wata hanya mai faɗi tsakanin gonaki da kashin shanu, ta makiyaya ce, ta girme ka. Wasu masu gona suna cinye ta su haɗa da tasu su sayar wa baƙo, ranar da garke ya biyo hanyarsa kai za a bari da rigima.

Haifaffen ƙasar Kibiya, mazaunin Hotoro:

Ina ta karantawa ina murmushi. Mu muna gudowa birni, ku kuna gudu can. Ba laifi, amma in faɗa muku abin da mutanenmu ke cewa a bayan idonku. Ɗan birni ya zo ya sayi gona, abin da zai fara shi ne katanga. Ya toshe 'yar hanyar da mata ke bi zuwa rijiya shekara da shekaru, ba ya zuwa jana'iza, ba ya fita aikin gayya, in an gaishe shi daga cikin mota zai ɗaga hannu. Sannan akuya ta shiga gonarsa ya ce mutanen ƙauye ba su da kirki. Wani kuma da ya ce itace ya kawo shi, shekara biyu ya sayar wa masu gawayi da marke da ƙirya duk ya share.

Baba, in ka je, ranar farko ka sayi goro ka je gaida dagaci da liman. Ka yi sallar asuba a masallacinsu sati guda, za ka ji labarin gonar nan da dillali ba zai taɓa faɗa maka ba: wa ya taɓa nomanta, me ya sa ake sayarwa, ko ruwa na kwanciya a cikinta, rijiyar kusa gaba nawa ce kuma tana ƙafewa da bazara ko a'a. Ba ma sai ka saya yanzu ba. A garinmu ɗaki ba ya wuya, aron gona ma ana bayarwa. Ka yi damina ɗaya a aro.

Uwar gida daga Gwammaja:

Makarantar yara fa? Babu wanda ya taɓo ta. Firamare akwai, allo akwai, amma 'yata da ta shiga sakandare sai wurin yayata na bar ta a Kano. In kana da 'yan mata masu tasowa ka yi wannan lissafin da uwarsu.

Ɗan haya a Rijiyar Lemo:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, kin kama ni, ban kai ta ba, hoton mangwaron kawai na nuna mata a waya. Jiya da dare na karanta mata abin da kika rubuta, da aka zo wurin akwati sai ta tashi ta je ta duba nata.

Na kira dillalin da safe na tambaye shi ɗorawar ta wace ce. Ya yi shiru, sannan ya ce zai bincika. Na ce ya haɗa da sunayen magada, kuma ni da iyali za mu zo ganin hanya a tsakiyar Agusta. Ya ce kafin nan an sayar. Na ce to Allah ya sa wa mai saye albarka. Bai kashe wayar ba dai, ya ce akwai wata ma kusa da gari, bayan gidan dagaci.

Ɗan'uwa na Kibiya, in da hali ka turo mini saƙo ta gefe. Ina son jin yadda ake neman aron gona a wajenku, da abin da ake kai wa mai ita bayan kaka.