Musayar waƙa: Igiya ko ɗaurin rai da rai?

Sarkin Alƙalami, Zariya:
Jama'a, kowa ya zo da baitinsa, ban da zagi.

Da sunan Rabbana nake farawa,
Ga batu mai nauyi na kawo wa 'yan'uwa.
Saliyo a 2021 ta yi sokewa,
Ghana a 2023 ta bi sahu ba tsayawa,
Suka ce mai kisa a daina ratayewa,
A kulle shi rai da rai ko shekaru masu yawa.
Mu nan Najeriya sama da 3,000 ke jiran mutuwa,
Shin mu ma mu bi su? Ina sauraron kowa.

Gwaggon Yara, Kano:
Ɗana, waƙarka ta yi daɗin ji,
Amma zo Kano in ba ka labari.
'Yar shekara biyar da jakar karatu,
Mai makarantar ne ya ƙulla sharri.
Ya sace ta ya nemi kuɗin fansa,
Ya ba ta guba ya haƙa kabari.
Kotu a 2022 ta ce a rataye shi,
Kai ka ce a ba shi gabza a gidan yari?
Uwa ta kwana tana duban takalmin 'yarta,
Shi ko yana can yana ta minshari.
Allah ya ce cikin kisasi akwai rayuwa,
Wa ya fi Mahalicci iya tsari?

Malam Na-Tsangaya, Katsina:
Gwaggo, abin da kika ja daga Baƙara ne,
Babu mumini mai ja da aya.
Sai dai ki duba wadda ta gabace ta,
An buɗe ƙofar afuwa da diyya.
Jini na magada ne, ba na gwamna ba,
Su nemi kisasi ko su yi yafiya.
Kuma shubuha tana tunkuɗe haddi,
Alƙali ba ya hukunci da zato ɗaya.
Nan garin a 2003 aka wanke Amina Lawal daga hukuncin jefewa,
Da an yi gaggawa, wa zai dawo da ita duniya?

Tsohon Gandiroba:
Malam, a gafarce ni, ban iya waƙa sosai ba, amma na riƙe makullin ɗakin.

Na ga yaro ya shigo ba gemu,
Furfura ta fito masa yana nan zaune.
In makulli ya yi ƙara da asuba,
Duk ɗakin sai ka tarar a tsugune.
Wani na salati, wani cikinsa ya ruɗe,
Ashe ma koko aka kawo, shi ke nan ne.
Gwamnoni na gudun sa hannu a takarda,
Edo ta rataye 4 a 2013, sananne ne,
Ta ƙara 3 a 2016, sai aka yi tsit,
Sauran ba a kashe ba, ba a ce su rayayyu ne.

'Yar Zango, Kumasi:
Baba gandiroba, ka sa ni ƙwalla,
Kisan mummuƙe ke nan ba makawa.
Ku tuna Fatakwal, Nuwamban 1995,
Aka rataye mutum tara, cikinsu har Saro-Wiwa.
Igiya in tana hannun mai mulki,
Wuyan mai gardama take zaɓewa.
Mai kuɗi ya ɗauki manyan lauyoyi,
Talaka ya sha kulki har ya yi amsawa.
Wanda ke kulle, in gaskiya ta fito, a sake shi,
Wanda aka binne sai dai a yi wa dangi gaisuwa.

Gwaggon Yara:
'Yata, na ji, kuma jikina ya yi sanyi,
Amma ku amsa min wannan tukuna.
Rai da rai a ƙasar nan wa ya tsaya masa?
Ranar 1 ga Oktoba sai afuwar gwamna.
Kuje a 2022 ba fasa ta aka yi ba?
Ɗaruruwa suka fice, muna gani da idanuna.
Gobe in haɗu da makashin jikata a kasuwa,
Yana taya tumatir yana kallona?

Sarkin Alƙalami:
Gwaggo, nan kin kama ni a hannu,
Sai an toshe wannan kafa da doka.
A rubuta cewa gwamna ba shi da afuwa,
Sai magada sun yarda sun faɗa da baka.
Malam Na-Tsangaya, ko fiƙihu ya ɗauki wannan?
Amsa-amon "ka" ne, ga fili naka.