Tabaran VR a aji: me ya sa ɗalibai ke ja da baya?

Malam_Asawase: Salamu alaikum. Sashenmu a wata jami'a nan Kumasi ya samu tabaran VR guda 6 (na'urar da ake sawa a ido, mutum ya ji kamar yana cikin hoton), samfurin Meta Quest 2, don darasin sassan jikin ɗan Adam. Da farko rububinsu ɗalibai suka yi, yanzu sai da lallashi. Wasu na kukan jiri. Ina gyaran yake?

Injiniya_Aboabo: Wa alaikumus salam, Malam. Jirin nan daga saɓanin ido da cikin kunne yake: ido na ganin ana tafiya, jiki kuwa yana tsaye cik. A kashe tafiya da 'yar sandar da ake turawa da yatsa a jikin rimot, a koma tsarin da mutum zai nuna wuri ya tsinci kansa can. Zaman farko kada ya wuce minti 10 zuwa 15, a zaune, fanka na kaɗawa.

Sannan tazarar idanu, wadda aka fi mantawa. Gilasan Quest 2 matsayi uku gare su: milimita 58, 63 da 68. In bai dace da fuskar ɗalibi ba, hoto ya yi dishi-dishi, ciwon kai ya biyo. Wanda ya ji tashin zuciya ya cire nan take, kada a ce ya daure. Wanda ya wahala ranar farko da wuya ya dawo.

Hajiya_Lakcara: Gaskiya ne, amma Malam, akwai abin da ya fi jiri. Tun 1989 wani mai bincike, Fred Davis, ya nuna abu biyu ke sa mutum ya karɓi sabuwar fasaha: ya ga amfaninta, ya ga sauƙinta. Ɗalibi jarrabawa ce a gabansa. In yawon kallo kawai ake kai shi, littafinsa zai koma. A ba shi aiki takamaimai: ya juya hoton zuciya, ya bi jini daga ɗaki zuwa ɗaki cikin ɗakunanta huɗu, ya cike takarda mai maki.

Kuma a hana ɗaukar bidiyo. 'Yan mata da yawa ba sa son a rufe musu ido a tsakiyar aji, wayoyi na kansu. Ƙananan rukuni sun fi, a haska abin da mai tabarau ke gani a allo don sauran su bi.

Injiniya_Aboabo: Ƙari kaɗan. Batir awa 2 zuwa 3 yake yi, don haka a yi caji tun dare, a sauke darasi a na'urar saboda dumsor (ɗaukewar wuta) da tsinkewar intanet. A sa marfin roba a kan soson fuska, a goge bayan kowane mutum, ba mai son zufar wani. Gilashin kuwa busasshen ƙyalle mai laushi kawai, kuma kada rana ta taɓa shi, tana ƙona allon ciki.