Na tare a gidana amma zuciyata tana Fagge

Ɗan Kwari:
Assalamu alaikum. Tambaya gare ni, kuma don Allah kada a ce na butulce wa Allah.

Shekara goma sha ɗaya na yi a gidan haya a Fagge, ciki da falo, banɗaki ɗaya mu gida huɗu. Da ƙafa nake zuwa shago a Kantin Kwari. A 2014 na sayi fili can bayan Rijiyar Zaki, na dinga ɗora bulo da guntun ribar atamfa da shadda. Lokacin da siminti ya haura dubu goma a farkon 2024 saura filasta da tayil, sai da na sayar da babur ɗina. Kullum ina ce wa maiɗakina, ranar da muka tare ke nan mun huta.

To mun tare bayan babbar Sallah. An yi walima, an yi addu'a, kowa ya watse. Sati biyu ina zagaya gidan ina shafa bango. Daga nan shiru. In na dawo da magariba na rufe get, ba mai ƙwanƙwasa mini. A Fagge kuwa, bayan isha'i akwai majalisarmu a gefen mai shayi, mutum takwas a kan benci biyu, musun ƙwallo da siyasa har sha ɗaya. Ban taɓa lissafa wannan a cikin arzikina ba. Ita ma uwargida da take kukan layin banɗaki, yanzu kukan rashin maƙociyar da za ta miƙa wa jaririya take yi.

Shin farin ciki daban ne da samun abin da mutum yake nema? Ko ni ne da matsala?

Maman Ikram:
Wa alaikumus salam. Alhaji, ka yi haƙuri, amma mantuwa ce take damunka. Ni har yanzu a haya nake. Duk watan da kuɗin shekara ya matso ba na iya barci, in na ji sallamar mai gida gabana faɗuwa yake. Kai wannan fargabar ta bar ka, shi ya sa ka samu sararin jin kewar benci. Farin cikina a yau bai wuce in san ba wanda zai ce mu kwashe kayanmu ba. Mai ƙoshi ne yake tuna daɗin ƙanzo.

Direban Maraɗi:
Ni abin da na gani ke nan. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka rufe iyaka, mu masu lodin Maraɗi zuwa Katsina ta Ɗan Isa da Jibiya muka zauna. Wata bakwai da ɗoriya. Da can kullum ƙorafi nake, ciwon baya, shingaye, ƙura. Ranar da aka buɗe a watan Maris, da na ji fasinja suna rigima a kan kujerar gaba, wallahi sai da na yi dariya ni kaɗai. Aikin nan dai shi ne, bayan ma bai daina ciwo ba. Wata biyu a tsakani na koma ƙorafina.

Malamin Islamiyya:
Ɗan'uwa, ba butulci ba ne. Bahaushe ya raba kalmomin nan da gangan: akwai jin daɗi, akwai kwanciyar hankali, akwai rufin asiri, akwai nishaɗi. Gida ya ba ka rufin asiri, majalisa ce take ba ka nishaɗi, kai kuma ka ɗauka a buhu ɗaya suke zuwa. Hadisin da Tirmizi ya ruwaito ya ambaci abu uku: wanda ya wayi gari cikin aminci, da lafiyar jiki, da abincin yininsa, kamar an tattaro masa duniya ne. Kana da ukun. Sauran neman mutane ne, kuma masallacin unguwa ne ƙofarsa.

Ɗalibar BUK:
Kawu, rahoton farin ciki na duniya da Finland take zuwa ta ɗaya tun 2018, ba yawan dariya yake aunawa ba. Cewa ake mutum ya ba rayuwarsa maki daga 0 zuwa 10. Cikin abubuwan da suke dubawa har da ko kana da wanda za ka dogara da shi in ka shiga matsala. Ina jin makinka ya hau da ka tare, hirarka ce ta ragu.

Ɗan Kwari:
Na gode muku. Maman Ikram, kin faɗa mini gaskiya mai ɗaci, Allah Ya ba ki naki, Ya sa mu zo walima. Malam, masallacinmu ko rufi ba a yi masa ba, mu shida ne a sahun asuba kuma ban san sunan huɗu ba. Jiya na sa kafinta ya yi mini benci, na ajiye a ƙofar gida da buta da tabarma. Mutum ɗaya ne ya zauna, mai gadin kangon da ke kallonmu, kuma shi Arsenal yake goyon baya.