Shawarar majalisa kan shiga Firimesin

Wani ƙaninmu ɗan canji ya kawo magana majalisarmu ta Agege bayan isha'i: abokin harkarsa na jansa ya shiga Firimesin, ƙungiyar asirin nan da ta samo asali daga Turai. Wani dattijo da ya tsufa a Legas ya ce kada ya haɗa ta da Ogboni, ƙungiyar asiri ta Yarabawa, kowacce da gidanta. Ba a shiga sai mutum biyu na ciki sun tsaya maka, a kaɗa ƙuri'a, ka rantse kan riƙe sirri. Ga matakai uku, ga kuɗin shekara. Rantsuwar nan ce ta jawo gardama har shayi ya huce. Liman ya ce majalisar fiƙihu ta Makka ta haramta shiga tun 1978. Ni dai na ce in ciniki yake nema, ƙungiyar 'yan canji ta ishe shi.