Wace kalma za mu ba "detabes" kafin Juma'a?

Mai Shirin Rediyo: Salamu alaikum malamai. Juma'a zan gabatar da shiri kan masu fasahar zane na zamani da ke aiki da detabes, wato inda kwamfuta ke adana bayanai a tsare, kalmar kuwa ta tsaya min a wuya. A 2001 George Legrady ya kafa wani aiki a cibiyar baje kolin fasaha ta Pompidou da ke Faransa. Baƙo ya ciro abin da yake ɗauke da shi, na'ura ta ɗauki hotonsa, ya amsa 'yan tambayoyi a kansa, sai kwamfuta ta jera shi kusa da makamantansa a bango. Inda ake tara su ɗin nan, me zan kira shi?

Malamar Nahawu: Wa alaikumus salam. Rumbun bayanai. Kunne ya riga ya saba.

Tsohon Tafinta: Na fi son ma'ajiya. Kada dai ki ce taska, 'yata, taska a kulle take, makulli a hannun mutum ɗaya. Ɗakin fayil da Antoni Muntadas ya buɗe a Chicago a 1994 kowa na iya shiga ta intanet ya ƙara labarin aikin da aka tace ko aka haramta.

Ɗalibin Kwamfuta: Baba, a gafarce ni, duka biyun sun gaza. Rumbu zubawa ake yi, ba a tambayarsa. Wannan abin layi ne da gurbi, wani ne ya yanke sunan kowane gurbi, kuma wurin da masu fasahar ke sa yatsa ke nan. ImageNet, detabes ɗin da ake koya wa kwamfuta gane hotuna da shi, na da hotuna sama da miliyan 14. A 2019 Trevor Paglen da Kate Crawford suka bar mutane su ɗora hoton fuskarsu su ga sunan da na'urar da aka horar da hotunan ImageNet za ta liƙa musu, wasu sunayen zagi ne tsagwaronsa. Ina ba da shawarar masaƙar bayanai: zaren tsaye, zaren kwance, da hannun masaƙi.

Malamar Nahawu: Ginin kalmar daidai ne, sunan wuri daga saƙa. Amma mai sauraro zai ɗauka masana'antar tufafi ake nufi, ko wurin saƙa ƙarya.

Ɗalibin Kwamfuta: Duk kalma baƙuwa ce ranar farko, Malama. Jirgin sama ma haka ya fara.

Mai Kishin Harshe: Kuna ta gardamar rumbu, kun manta bayani Larabci ne. Sai yaushe za mu daina ara?

Tsohon Tafinta: Littafi ma aro ne, Malam, har da alƙalamin da ka koyi rubutu da shi. Shekara talatin ina wannan aiki, kalmomin da aka ƙera a ɗakin taro yawancinsu a takarda suka mutu.

Mai Kishin Harshe: Saboda 'yan rediyo ba sa tuntuɓar masana. Su furta abu sau biyu, shi ke nan ya zama doka. Wannan yana min ciwo.

Mai Shirin Rediyo: To ga ni ina tuntuɓa, Malam, kuma kwana uku ya rage. Akwai abin da ya sa maganar ƙanena ɗalibi ta tsaya min a rai. Mimi Onuoha ta fara wani aiki a 2016: farar durowar ofis, kowane fayil da sunan abin da ba a tattara bayanansa ba, ka buɗe ka tarar babu komai. Rumbun da ba kowa ciki talauci yake nunawa. Nan kuwa akwai dalilin da ya sa aka ƙi ƙirgawa.

Malamar Nahawu: Ki ce rumbun bayanai, karon farko ki bi shi da jimla ɗaya: wanda aka tsara gurbi-gurbi, mai tsarawa ne ke zaɓar abin da zai shiga. Kwatancen saƙar ki sa shi cikin bayani.

Ɗalibin Kwamfuta: Na yarda don shirin Juma'a kawai. A kundina na makaranta masaƙa zan rubuta.

Mai Kishin Harshe: Ni ban sa hannu ba.

Mai Shirin Rediyo: Na gode, Allah ya ƙara basira. Rumbu na ɗauka. Saura "algoridim", yana sakin layi na uku na rubutun shirin.