Da me zan nuna wa yara igiyar ruwa?

Malama Mai Alli: Assalamu alaikum. Ina koyar da kimiyya a ƙaramar sakandare nan Jos, mako mai zuwa za mu shiga darasin igiyar ruwa. Tankin gwajinmu ya tsage tun bara, ba wanda ya waiwaye shi. In na zana a allo, yaran ido kawai suke zuba min. Ku da me kuke yi?

Malamin Bukuru: Wa alaikumus salam, Malama. Ki ari babban faranti, ki zuba ruwa zurfin gaɓar yatsa, ki ɗora murfin kwalba a tsakiya. Sai ki riƙa taɓa ruwan da rula daga gefe. Igiyar za ta wuce, murfin kuwa yana nan yana hawa da sauka. A nan suke gane ƙarfin ne ke tafiya, ba ruwan ba. Wani ɗalibina ya rantse sai murfin ya kai bakin faranti, sau uku muka maimaita kafin ya yarda.

Ɗan Unguwar Rogo: In akwai kwamfuta, ki sauke PhET na Jami'ar Kolorado a Amurka, shirin kwamfuta ne mai nuna gwaje-gwajen kimiyya. Kyauta ne, yana aiki ko ba intanet.

Baba Mai Ritaya: 'Yata, in kin zo tafasar ruwa kada ki zargi ma'aunin zafinki. Jos tudu ce, sama da mita 1,200 daga teku, ruwa kan tafasa wajen digiri 96, ba 100 ba.

Malama Mai Alli: Na gode, Baba. Ashe banza na yi wa ma'aunin faɗa! Gobe farantin tuwonmu zai je makaranta.